Kwalbar da Ke Ƙasan Akwatinki

Daga gida, ƙasar Dogarawa,
jajibirin tafiyarki.

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Yamai lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokan ɗaki na kirki. Babanki yana sa miki albarka. Ni ma ina sa miki, har da wadda ban taɓa furtawa kin ji ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna da tsawo haka. Kwana tara na yi a kanta, da hantsi, in kun fita gona kun bar ni da awaki. Tun da bayana ya hana ni noma na shiga karatun manya, kin sani, amma ban taɓa rubuta abin da ya wuce layi biyar ba sai yanzu. Ki yi haƙuri da karkatar layukan.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. A ƙasan akwatinki, cikin tsohon zanena mai shuɗi, na naɗe wata babbar kwalba mai ruwan ƙasa. Kada ki jefar da ita, kada kuma ki tambayi kowa ko ta mece ce, sai kin karanta wannan takarda har ƙarshe. Kin girma kina ganina a sunkuye, ana ce miki damin gero ne ya karya ni. Damin gero ya zo ne daga ƙarshe. Ni na karya kaina, a hankali, kuma ina so ki ji yadda aka yi daga bakina.

Kina da shekara bakwai abin ya fara mini, lokacin da babanki ya samu aikin lodi a izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza. Ban ɗauke shi ciwo ba. Wani ƙarfi na ji ya zo mini wanda ban san daga ina ba. Sai in gama daka kafin sauran matan gida su gama sussuka, in ɗebo ruwa sahu huɗu, in share tsakar gida, in dawo in sake share ta. Ba na iya zama wuri ɗaya. Inna Kulu, matar wan babanki, ta sa mini suna Kamiyo, wai kamar motocin simintin nan masu wucewa a guje. In na taho da tulu sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku kauce, ku kauce, ga Kamiyo nan ba birki!" Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, ina jin daɗi ana yabon aikina.

Amma ina cin tuwo malmala uku in tashi da yunwa, zane kuwa kullum sai na ƙara masa ɗauri. Cikin tsananin sanyi, kowa yana jin wuta, ni ina share zufa. Zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu alhali a zaune nake. In na ɗaga ludayi, fura tana rawa a cikinsa. Wuyana ya ɗan tasa ta gaba, na ce maƙoƙo ne irin wanda mata da yawa suke tsufa da shi a ƙauyukanmu. Na ƙara tsakiya a wuya na rufe shi.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne faɗan. Kin tuna ranar da kika zubar da nonon da muka saya wurin Bafulatana? Ƙwarya ce ta suɓuce miki, ba wani abu ba. Na ɗauki muciya na buge ki a hannu har ya kumbura. Ba ki yi kuka ba. Tsayawa kika yi kina kallona kamar ba ki san ni ba, kuma gaskiyarki, a ranar ni ma ban san kaina ba. Daga baya an gaya mini cutar tana sa saurin fushi. Wannan bai wanke ni ba, don hannuna ne ya ɗauki muciyar. Shekara goma ke nan ban ba ki haƙuri ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mini.

Kuskurena na farko ke nan: jikina ya canza, halina ya canza, na tsaya ina sauraron abin da mutane suke cewa a kaina, ban saurari jikin ba. Ke kada ki yi haka. In aka yabe ki da ƙwazo alhali ke kin san ba ki iya barci, kin san zuciyarki tana dukan ƙirjinki, to yabon ba magani ba ne. Ki nemi wanda ya san aikin ki gaya masa.

Sai da na yi ɓari sau biyu babanki ya ce lalle a kai ni babban asibiti. Ranar bai samu barin aiki ba, sai wansa, Baba Ummaru mijin Inna Kulu, ya raka ni. Likitan, lokotoro kamar yadda muke cewa, Bature ne, dogo, ba ya jin Hausa sosai. Wata malamar asibiti, Madam Fati, ita ke fassarawa. Baba Ummaru ya shigo ɗakin tare da mu ya tsaya bakin ƙofa, don a ganinsa haka rakiya take.

Madam Fati ta ce, "Kina samun barci?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Al'adarki hwa, tana zuwa daidai? Sau nawa kike kewayawa a yini?"

Wan mijina yana tsaye a bayana. Na dubi ƙasa na ce, "Lafiya lau."

Baba Ummaru ya karɓe zancen ya ce, "Ai wagga lahiyarta lau, lokotoro. Ta hi kowa aiki cikin gidanmu."

Lokotoro ya matso kusa da ni. Ya riƙe wuyan hannuna yana duban agogonsa. Ya ba ni ruwa na haɗiye yana kallon maƙogwarona. Ya sa na miƙe hannuwana biyu, ya aza takarda a kansu. Takardar nan ta dinga kakkarwa gaban kowa, na ji kamar in nutse. Ya ce wani nama ne a wuyana, sunansa tiroyid, yake aiki fiye da kima. Ya ba ni ƙwayoyi. Amma bai ji rabin abin da ke damuna ba. Tun lokacin bayana yakan yi mini ciwo in na ɗauki tulu, ƙafafuna sukan yi sanyi in zan tashi daga tsugunne, ban faɗa ba.

Kuskure na biyu ke nan. "Lafiya lau" amsar gaisuwa ce, ɗiyata, ki bar ta a bakin ƙofar asibiti. In akwai wanda kike jin nauyinsa a ɗakin, ki ce a fitar da shi. Ba rashin kunya ba ne. Da na roƙi Madam Fati da ido ma, da ta sallami Baba Ummaru waje, shi kuma da ya fi kowa murna, don daga baya ya gaya wa Inna Kulu bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da za mu tafi ne Madam Fati ta miƙo mini kwalbar. Akwai wani ɗan ruwa mai kaifin wari a gindinta, ta ce kada in zubar, shi ke hana abin lalacewa. Ta ce lokotoro yana so ya san ko cutar ta fara taɓa ƙashina, kuma a cikin fitsari ake gani. In tara duk fitsarin da na yi daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, kada ko sau ɗaya ya zuba ƙasa, in kawo ranar kasuwa. Ta fara yi mini bayanin dalili, ni kuwa ba abin da nake so sai in rufe kwalbar da mayafi in fita. Ban ji komai ba.

Kin san gidanmu na da. Makewayi ɗaya ne, can ƙuryar gida, kuma ba a kai gare shi sai an bi ta gaban rumfar kakanki. Shi kuwa tun da ƙafarsa ta hana shi gona, a nan yake wuni yana tufkar igiya. Ni da ko tari ba na yi a gabansa, ni ce zan riƙa wucewa da kwalbar fitsari a hannu, sau shida sau bakwai a yini. A ɗaki kuma ba na iya yin fitsari kusa da inda nake salla.

Tun ina sauke ta daga kai Inna Kulu ta gani. Ta ce, "Kamiyo, wanga tulun Nasara na mi ne? Man gyaɗa munka samu? A zuba muna mu ma!"

Na ce maganin wanka ne. Na tura ta ƙarƙashin gado.

Sau ɗaya tak na yi a ciki, da sassafe kafin kakanki ya fito. Da hantsi na ɗauko ta, na kai bakin ƙofar ɗaki, na hango shi zaune da igiyarsa, na mayar. Haka na yi har sau uku. Ranar kasuwa ta zo, abin da ke cikin kwalbar ko gindinta bai rufe ba. Na tsaya bakin randa na daɗe. Sai na ɗebi ruwan rijiya moɗa uku na zuba, na girgiza, na rufe.

Da na kai, Madam Fati ta ɗaga kwalbar ga haske ta ce, "Kai, kina shan ruwa da yawa, Rabi."

Na ce, "I."

Wannan shi ne kuskuren da nake tafe da shi a bayana. Na ɗauka kunya ce na yi wa surukina. Yanzu na san ba don shi na yi ba, don kaina na yi, don kada a gan ni cikin wani hali. Kunya adon mace ce, haka na koya miki, ba kuma zan janye ba. Amma in ta kai ki ga yi wa mai neman ceton ki ƙarya, ta zama wani abu dabam, ki ajiye ta.

Da na koma aka ce sakamako ya yi kyau, ƙashina bai taɓu ba, amma in ci gaba da shan ƙwayoyi, in riƙa dawowa duk wata. Abin mamaki, ni na san ruwan rijiya aka auna, amma na yi murna kamar gaskiya aka gaya mini. Na dawo gida ina ce wa kowa lokotoro ya ce ƙashina ƙalau. Ƙwayoyin sun yi aiki, kakkarwa ta ragu, na fara barci. Da suka ƙare damina ta sauka, ga noma. Na ce sai bayan noman farko, na ce sai bayan maimai. Gaskiyar magana kuwa ba na son haɗa ido da Madam Fati. Ban koma ba.

Abin ya dawo sannu a hankali, ya fi na da. Shekara biyu ina fama, ina ɗaure ƙugu da ɗankwali in ci gaba da aiki. Kakarki tana gasa mini baya da ruwan zafi, tana dafa mini saiwoyi. Allah Ya jiƙanta, ta yi iyakar abin da ta sani.

In an ba ki magani, ɗiyata, jin sauƙi ba shi ne warkewa ba. Wanda ya ce ki fara, shi zai ce ki daina. In kuma kin yi wa wani laifi, ki koma wurinsa da wuri. Nauyin ranar farko ya fi sauƙi, kowace rana ƙaruwa yake yi.

Ranar da abin ya faru muna zuba gero a rumbu. Na ɗaga dami zan miƙa wa Baba Ummaru da ke sama, damin da na saba ɗagawa tun ina budurwa. Sai na ji ƙas a bayana, kamar an taka busasshen kara. Ban faɗi nan da nan ba. Na sauke damin a hankali, don kada zangarniya ta zube, sannan ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Kin dawo daga lakwal, makarantarku ta boko, kin tarar ana aza ni a amalanken jaki. Kina riƙe da allonki, ba wanda ya yi miki bayani. Ni ma na kau da kai.

A asibiti aka ɗauki hoton bayana. Ƙasusuwa uku na gadon bayan sun lotse kamar tubalin da ruwa ya ci. Ina kwance aka tara fitsarina na yini da kwana, wannan karon ba ni da hanyar yin dabara. Madam Fati ta ɗebi kaɗan a wata siririyar kwalba, ta ɗiga wani magani a gabana. Nan take ya yi fari kamar an zuba madara.

Ta ce, "Kin gani? Na mai lahiya ɗan gurɓacewa kawai yake yi. Wanga hwarin da kike gani, ƙashinki ne."

Ta zauna ta yi mini bayanin da na ƙi ji shekara biyu da suka wuce. Babanki yana zaune a ƙasa kusa da gadon, da ƙurar siminti a hularsa. Zan rubuta miki yadda na riƙe shi, ke mai karatu za ki fi ni ganewa. Ta ce ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai. Kamar ɗakin ƙasa yake, kullum ana kankare tsohon yaɓe ana sa sabo. Akwai masu kankarewa, akwai masu yaɓawa, kuma a jikin mai lafiya tafiyarsu ɗaya. Naman nan na wuya shi ke gaya wa jiki duka saurin da zai yi. In ya yi yawa sai ya kora ma'aikatan nan duka biyu a guje. To kankarewa ba ta ɗaukar lokaci, yaɓe kuwa sai an jira ya kama ya bushe. Kafin a cike rami ɗaya an tona wani. Daga waje bango yana tsaye, daga ciki yana ta sirancewa.

Ɓaraguzan kuma, in ji ta, jini ke kwashe su, ƙoda ta tace su, su fita cikin fitsari. Iri biyu ne. Akwai farar ƙasar ƙashin, wadda suke kira kalsiyam, ita ce ta yi fari a kwalbar. Akwai kuma wani abu kamar ciyawar da ake cuɗawa cikin ƙasar gini don ta riƙe. In ya dagargaje, guntayensa ma suna fita. Wannan ba su iya auna shi a nan ba, sai da suka aika da shi babban birni, takarda ta dawo bayan makonni. Na kwafo miki sunansa daga katina harafi-harafi: idroksiprolin. Nawa ya wuce na mai lafiya nesa. Shi ya sa suke son na yini da kwana gaba ɗaya, don su san abin da jiki yake zubarwa a rana guda.

Babanki ya ce, "Na gane. Buhu ne ya huje. Muna ta lodi, yana ta zuba."

Lokotoro ya zo da tsohon katina da sabo, yana duban wannan yana duban wancan. Ya yi magana da Madam Fati cikin Faransanci. Ta juyo ta ce, "Rabi, don Allah ki hwaɗa mini gaskiya. Waccan kwalba ta hwarko, mi kinka zuba ciki?"

Na ce, "Ruwan rijiya."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Da mun ga wanga hwarin tun sannan, da mun hana ki ɗaukar ko tulu. Da kinka daina zuwa kuma, da mun aika har gida an neme ki. Mun ɗauka kina cikin masu sauƙi."

Babanki ya tashi ya fita. Na ce shi ke nan, ya yi fushi. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ma da laihina. Da ni na kawo ki da kaina."

Sun sa ni a magani har zuciyata ta natsu, sannan suka yi mini aiki a wuya, tabon da kike gani ke nan. An ce ƙashi yana iya mayar da wani abu daga cikin abin da ya rasa in an kashe wutar cutar, kuma ya mayar, alhamdu lillahi, ina tafiya da ƙafata. Amma wanda ya riga ya lotse ba ya miƙewa. Na shiga asibitin nan kanki yana iyakar kafaɗata, na fito muna duban juna ido da ido.

Bayan wata shida aka sake ba ni kwalbar in tara a gida. Na fito da ita daga ɗaki, hannu ɗaya sanda, hannu ɗaya kwalba, ban rufe ta da komai ba. Inna Kulu ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe, ta zo ta kama mini. Da muka iso gaban rumfa kakanki ya ɗaga kai ya gani. Ya jawo buzunsa ya juya, ya fuskanci bango. Haka ya wuni ranar yana tufkar igiyarsa, ya ba tsakar gida baya. Da la'asar na zo wucewa, bai juyo ba, bangon ya yi wa magana. Ya ce, "Ɗiyata, da kin hwaɗa tun hwarko, ai da na tahi masallaci na wuni."

Abin da ya rage ke nan, ɗiyata. Kalma ɗaya da zan aika masa ta bakin kakarki. Na shiga makewayi na yi kukan da ban yi ba ranar da bayana ya karye.

Wannan awon ya fita da kyau, kyau na gaskiya. Na roƙi Madam Fati ta bar mini kwalbar. Ta yi dariya ta ce ba a taɓa roƙonta irin wannan tsaraba ba, ta wanke ta ba ni. Ban taɓa zuba komai a cikinta ba tun ranar.

Yanzu ga kuskurena na ƙarshe, wanda na yi shi a wannan hutun, ina sane.

Tsakiyar da na shirya miki bara da ƙaramar salla, da hannuna na auna zarenta, yatsa biyu suna shiga tsakaninta da wuyanki. Da kika dawo daga kwalej ɗin Konni na ga an ƙara mata wani zare, baƙi, ba irin nawa ba. Na ba ki allura ki zura mini, kika yi sau huɗu ba ki samu ba, kika ce hasken ne. Bayan ruwan sama kowa ya ja mayafi, ke kina fifita da littafi. Kina cin abinci har a yi miki tsiya, amma rigunanki sun yi miki yawa. Ke da ba a jin muryarki, kin yi wa Inna Kulu tsawa a kan tsintsiya, sannan kika zagaya bayan rumbu kika yi kuka, kina tsammani ba wanda ya gani. Ranar da kika share tsakar gida sau biyu, Inna Kulu ta ce, "'Yar Lakwal ta gado Kamiyo!" Kowa ya yi dariya. Ni kaɗai ban yi ba.

Lokotoro ya taɓa gaya mini cutar takan bi jini, kuma ta fi kama mata. Ni ba likita ba ce. Wataƙila wahalar jarrabawa ce kawai, Allah Ya sa haka ne. Amma wata uku ina kallonki ban ce komai ba, don ke ce ta fari. An koya mini uwa ba ta jan ɗiyar fari a jiki, ba ta zama ta yi hira da ita, ba ta kiran sunanta. Na riƙe wannan da kyau, har ana misali da ni a ƙauye. Sau uku na shirya magana, ki shigo ɗakin, in ce ki miƙo mini buta. Sai na gane kwalbar nan ce na sake turawa ƙarƙashin gado, sai dai wannan karon ba bayana ne zai biya ba, naki ne. Ƙashinki yanzu yake ginuwa. Abin da kika tara a shekarun nan, da shi za ki ɗauki ciki, da shi za ki tsufa.

Ga abin da nake roƙonki. Cikin makon farko, kafin karatu ya yi zafi, ki je wurin matar da ke kula da ɗakin kwananku ki ce a kai ki asibiti. Ki cire tsakiyar kafin ki shiga. Ki gaya musu komai, har da abin da ba ki taɓa gaya mini ba. Ki ce innarki ta yi ciwon tiroyid har ya ci mata ƙashi. Katina yana cikin zanen, ki nuna musu. Za su duba wuyanki da bugun zuciyarki, wataƙila su ɗebi jini. In sun ce ki tara fitsari, na farkon safiya ki zubar, daga nan ki tara duka har na safiyar gobe, ki ajiye a inuwa. Kafin ranar ki bar nama da kifi da romon ƙashi da ganda, don an gaya mini suna ƙara abin nan mai dogon suna su ɓata awo. In wani ya zube, ki faɗa, a sake. Kada ki cike gurbinsa da komai.

Na san abin da ke ranki, don halinmu ɗaya. Kina tunanin 'yan matan birni, da tsakar gidan makaranta da za ki ratsa da kwalba a hannu. Za su yi dariya, wata ma za ta sa miki suna. Bari su yi. Dariyar kwana biyu ce. Ni ban ratsa tsakar gida ɗaya ba, shekara bakwai ke nan ban ga saman rumbunmu ba sai na karkace.

Wataƙila asibitin Yamai suna da kwalabensu, su ce ba su bukatar tawa. Ba komai. Ki ajiye ta inda za ki riƙa ganinta har sai kin je. In kin je ki rubuto mini abin da aka ce, yadda aka faɗe shi, mai daɗi ko marar daɗi. Kada ki rubuto mini "lafiya lau". Na san wannan amsar, ni na fi kowa iya ta.

Asibiti ba sa karɓar kwalba sai da sunan mai ita a jiki. Ba za su karɓi 'Yar Lakwal ba, ba za su karɓi "yarinyar nan" ba. Na yanko takarda na liƙa da ƙaro. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in iya. Shekara goma sha bakwai ban faɗe shi ba, sai ga shi wurin da na fara rubuta shi jikin kwalbar fitsari ne. Ki yi dariya in kin ga dama, ni ma na yi, sannan na yi kuka. Da na gama na karanta shi da ƙarfi, ba kowa a gidan sai awaki.

Sa'adatu. Sa'adatu ɗiyata, ki je asibiti.

Allah Ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa da ilimi mai amfani, Ya miƙar da bayanki har tsufa, Ya dawo mini da ke gida a tsaye. Amin.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Rabi